Kano zuwa Legas: lissafin da waya ba ta yi muku

Ɗan ƙanwata ya samu kiran intabiyu a Legas, ƙarfe sha biyun ranar Litinin. Da na tambaye shi yaushe zai tafi, sai ya miƙo min waya: "Kawu, ai awa ɗaya da rabi ce daga Kano. Bayan asuba zan fita, in kama jirgin safe." Gabana ya faɗi, don da irin wannan lissafi na rasa aikin da har yau yake min ciwo.

Wayar ba ƙarya ta yi ba. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammed akwai kilomita 800 da 'yan kai, jirgi kuwa yana cinye su cikin awa ɗaya da rabi. Amma a Zariya muke. Ƙananan jiragen da ke shawagi a kan Palladan na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne, wadda aka kafa a 1964, ba sa ɗaukar fasinja. Sai ka je tashar Kwangila ka jira motar Kano ta cika, ka yi wajen kilomita 150 ta Kwanar Ɗangora, ka sauka Na'ibawa, sannan ka keta Kano daga kudu zuwa arewa.

Ni duk na yi wannan ranar tawa intabiyun, na kuma isa filin jirgi a kan lokaci. Watan Janairu ne, hazo ya rufe gari. Jirgin da zai kwashe mu, daga Legas zai taso, aka ce ba zai iya sauka ba sai gari ya washe. Ina zaune da babbar takarda a cinya, ina goge ƙurar takalmi da hankici, ana ta ba mu haƙuri ta lasifika. Sai bayan la'asar muka sauka, cunkoson Ikeja ya ƙarasa sauran. Maigadi kaɗai na tarar a ofishin.

Na daɗe ina cewa ba laifina ba ne, hazo na Allah ne. Kuma da gaske ba ni da kuɗin otal, kuɗin tikitin ma aro na yi, ga mahaifina ba lafiya, ban so in bar shi ba. Amma akwai ɗan unguwarmu a Agege da ya ce in zo in kwana wurinsa, girman kai ya hana ni. Ko da yake wa ya taɓa gaya min jirgi yana makara?

Ku kuwa matasa an gaya muku, amma kun fi yarda da waya a kan wanda ya gani da idonsa. Mutum yana magana kuna latse-latse.

Ku tafi tun ana gobe, ku kwana can. In ba kuɗin jirgi, ku hau motar dare. A'a, kada ku bi dare a hanyoyin nan yadda suke yanzu, ku tashi da rana ko da kwana biyu za ku yi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma kada ku ɗora intabiyu ko biza ko jarrabawa a kan jirgin safe daga Kano. In kuna da ɗan'uwa a Legas ku kira shi tun yau, ko a tabarma ce ku kwana.