Ashirin ɗin da na ɓoye

Auta ya shigo da yamma rungume da littafin rubutunsa, shafi talatin cur, wai ranar Asabar shi zai ja ragamar Dungeons & Dragons karo na farko. Wasan ba da labari ne da jefa dayis: kowane ɗan wasa da jaruminsa, mai jan ragama kuma shi ke tsara duniyar da abin da ke faruwa a cikinta. Dariya har da hawaye. Ya zana gari, ya raɗa wa sarakuna bakwai suna, har kakanninsu bai bari ba.

Na ce, "Kai Auta, mutanen nan fa ba za su leƙa fadarka ba. Mai gadin ƙofa za su tsare da tambayoyi har awa biyu." Na ce ya shirya matsala ɗaya da mutum uku, kowa da abin da yake so, sauran ya bar wa 'yan wasa. In doka ta ɓace masa, ya yanke hukunci nan take, ya duba littafi bayan an tashi. Lambar da ɗan wasa zai kai da jifan dayis kafin ya yi nasara kuwa: 10 in abu mai sauƙi ne, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Ya rubuta.

Sai ya ɗago. "Yaya, in dayis ya faɗi a kan abin da zai kashe jarumin wani fa?"

Nan bakina ya suɓuce. Na tuna masa daren dodon nan mai aman wuta, shekara uku ke nan, lokacin da ran maharbinsa ya rage maki huɗu. Ni ke jan ragama a lokacin; a bayan kwalin da nake kange takarduna na jefa wa dodon dayis, 20 ta fito ɓaro-ɓaro. Wanda ya san wasan ya san 20, lamba mafi girma a dayis ɗin kai hari, tana ninka yawan dayis ɗin da ake jefawa don lissafin rauni. Na rufe da tafin hannu na ce bakwai ne.

Na ɗauka zai yi dariya. Shiru ya yi, yana juya biro.

"Wato ba ni na ci faɗan ba ke nan."

Shekara uku yana ba da labarin nan, yana kwatanta kibiyar ƙarshe da hannunsa. Ni na zaci alheri na yi masa. To alherin ne, ko dai ni ce ban so labarina ya lalace ba? Tun bayan fitarsa nake ta saƙa da warwara.

Wanki na nan yadda na bar shi. Kai na ciwo.

Ɗazu ya turo saƙo: ranar Asabar babu kwali, a gaban kowa zai jefa. Wai in zo da jarumata, kuma kada in shaƙu da ita sosai.