Yadda ake tambaya da ba da amsa a zauren masu kiwon kaji

Ina cikin masu kula da wani zauren WhatsApp na masu kiwon kaji, kuma babu abin da ke cin lokacinmu kamar guntuwar tambaya. Mutum zai yi sallama ya tsaya jiran amsa, can sai ya turo: "Kajina na mutuwa, wane magani zan ba su?" Kafin ka ce kwabo mutum goma sun ambaci magani goma, kowa shaci-faɗi yake yi.

Shi ya sa muka ce sallama da tambaya su zo a saƙo ɗaya. A faɗi irin kajin, na nama ne ko na ƙwai, satinsu nawa, guda nawa ne, nawa suka mutu cikin kwana nawa, da rigakafin da aka yi musu, Gumboro ko Lasota, da ranar da aka yi. Sannan hoton kashinsu, a ɗauka da rana a waje, don ƙwan lantarki na sauya launi. Kashi mai jini da koren kashi mai haɗe da murɗewar wuya ba hanyarsu ɗaya ba, wanda bai gani ba kuwa ba zai bambance ba.

Mai amsawa ma da nasa nauyin. "A zuba cokali ɗaya" ba awo ba ne. Cokalin shayi ko na cin abinci, a ruwa lita nawa, kwana nawa? A ɗauki hoton kwalin da lambar NAFDAC, a kuma faɗa ko an gwada ne ko ji aka yi. Farashin masara kuma ba ya tafiya sai da sunan kasuwa da rana, domin kuɗin buhu a Dawanau yau ba shi ne na Saminaka a makon jiya ba.

Saƙon murya na minti biyar ni dai ban cika saurara ba, kuma ba a iya nemo shi da bincike daga baya. Duk saƙon da ya zo da kibiya biyu, alamar ya sha yawo, gogewa muke yi har sai mai turowa ya faɗi tushensa. Lambar wayar likitan dabbobi kuwa ba a saka ta a zaure sai an nemi izininsa, a tura wa mai buƙata ta gefe.

In an yi kuskuren awo, WhatsApp na barin a gyara rubutu cikin minti 15. Idan lokacin ya wuce, a goge wa kowa, a sake rubutawa, a kuma ce gyara ne, don wataƙila wani ya riga ya kwaɓa maganin.