Neman ƙaho a dajin Kolorado

Jiya asabar muka fita ni da maman yara da yaran biyu, wai neman ƙahon elk, ƙatuwar barewar nan ta Amurka da ta kusa kai doki girma. Ni fa da farko ban yarda ba, a wajenmu ƙahon barewa ko na sa ai ba ya faɗuwa, amma wannan duk shekara wajen Maris zuwa Afrilu namijin sai ya zubar da nashi wani sabo ya tsiro. Kuma a yammacin jihar Kolorado doka ta hana tsinta a filin gwamnati sai 1 ga Mayu, don kar a takura ma dabbobin da sanyi ya galabaitar.

Awa biyar muna hawa tudu muna sauka, ƙafata kamar ba tawa ba, ban ga komai ba sai sanduna. Auta ce fa ta kwala ihu "Baba zo ka gani!" Ƙaho ɗaya mai rassa shida, da ƙyar ta iya ɗagawa wallahi.

A Oktoban bara kwana huɗu nai ina farauta da bindiga da rigar nan ruwan lemo ta mafarauta na dawo hannu rabbana, yanzu yarinyar nan sai tsiya take min a mota 😂