Daga Rigasa zuwa Idu, neman abin da ke cinye memori

Jirgin safe na hau a tashar Rigasa. Wani ƙaramin kamfani ne a Abuja mai karɓar kuɗin makaranta ta intanet ya neme ni: sabarsu, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsu, sumewa take yi duk bayan 'yan kwanaki, iyaye na tsakiyar biya sai shafin ya tsaya cak. Na'urar a ofishinsu take, kuma sun ƙi yarda a shige ta daga nesa, dole na je da ƙafata.

Layin dogon nan tun 2016 yake aiki, kilomita 186. Da muka doshi Rijana hira ta ragu a taragonmu, don har yanzu harin Maris na 2022 bai fita daga zukatan mutane ba. Sabis ma ya ɗauke, sai na buɗe bayanan da suka turo mini. Memori, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, yana hawa sannu a hankali, ba ya saukowa ko da tsakar dare da babu kowa a shafin, har ya cika, Linux, babban tsarin da ke tafiyar da sabar, ya kashe manhajar da kansa.

Daga Idu na ɗauki tasi zuwa Wuse. Matashin da ke kula da sabar ya tare ni da fara'a: "Yallabai, ai mun samu dabara, kullum ƙarfe uku na dare sai mu kashe ta mu kunna." Abin ya sosa mini rai. Yaro ne mai ƙwazo, amma ba wanda ya taɓa zama da shi ya nuna masa inda zai duba.

Na ce, "Ƙanena, jawo kujera." Python, yaren kwamfuta da aka rubuta manhajarsu da shi, yana ƙirga masu riƙe da kowane abu a memori, ƙirgen na kaiwa sifili sai ya share shi. Idan abu biyu suka riƙe juna, kamar mutum biyu da kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara sakin hannu, ƙirgen ba zai taɓa kai sifili ba. Don haka aka ƙara masa mai kwashe shara tun Python 2.0 a shekarar 2000. To amma su Python 2.7 suke kai, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020, kuma a can idan a cikin zoben masu riƙe da junan akwai masu __del__, wato umarnin da abu ke aiwatarwa yayin da za a share shi, mai sharar bai san wanda zai fara rushewa ba, sai ya jibge su a wani jeri mai suna gc.garbage ya wuce. Sai a 3.4, a 2014, aka gyara wannan.

Muka leƙa gc.garbage. Duk biyan gwaji ɗaya, jerin ya ƙaru. Takardar biyan tana riƙe da hanyar shiga rumbun bayanai, ita ma hanyar tana riƙe da takardar, an kuma ɗora mata __del__ don ta rufe kanta. Muka cire shi, muka sa rufewar a fili da with, umarnin da ke rufe abu da zarar an gama aiki da shi, riƙon da hanyar ta yi wa takardar kuma muka mayar da shi weakref, wato riƙon da ba ya shiga ƙirge. Shi na bari ya rubuta gyaran da hannunsa.

A masauki na kwana, shi kuma ya bar sabar ba kashewa. Da safe memori ya hau lokacin cunkoso, ya sauko bayansa. Kafin in kama jirgin yamma na zauna da mai kamfanin kan komawa Python 3; ya tambayi kuɗin aikin, muka tsayar za a fara da zarar zangon biyan kuɗin makaranta ya wuce.