Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Aikin da Aka Yi wa Yaya

A makon jiya na tsaya inda muka sauka Alƙahira ni da Yaya, amma ba zan iya ci gaba ba sai na koma kan maganar da Kawu ya yi a zauren gidanmu na Rafindadi. Cewa ya yi daji ba ya son ƙarfe, kuma duk wanda ya kai ɗan'uwansa aka tsaga shi, to shi ya watsa masa ciwon da hannunsa. A gaban Inna ya faɗa, kuma ni yake kallo.

Kafin nan Yaya ya sha maganin tarin fuka na wata shida a wani asibiti da ba zan ambata ba, alhali gwajin majinarsa bai nuna ƙwayar cutar ba. Da yake bai taɓa shan taba ba, babu wanda ya kawo sankara a ransa, sai da aka yi masa hoton CT a Kano aka ga ƙari a saman huhunsa na dama, can gefe, wanda bai kai santimita 2 ba.

A Alƙahira likitan tiyatar ya zaunar da mu, wani ɗalibin Azhar ɗan Daura yana yi mana tafinta. Ya zana huhu a takarda, ya nuna mana cewa na dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, kuma kowane kashi ya rabu zuwa ƙananan yankuna masu hanyar iskarsu da jijiyoyinsu. Ya ce tun 1995 abin da likitoci suka saba shi ne cire kashi guda sukutum ko da ƙarin ƙarami ne, saboda wani bincike na lokacin ya nuna ciwon ya fi dawowa a wurin idan aka yanke kaɗan. Daga baya binciken da aka fitar daga Japan a 2022, da wani daga Amurka a 2023, suka nuna cewa idan ƙarin bai wuce santimita 2 ba, yana gefen huhu, kuma bai bazu ba, cire ƙaramin yanki yana wadatarwa, majinyaci ya tsira da sauran huhunsa. Sai ya ɗora alƙalami kan wasu ɗige-ɗige da ya yi a gindin huhun da tsakiyar ƙirji, ya ce waɗannan su ne kaluluwa, ta nan ciwon yake fara bi idan zai yi tafiya. "Malam," in ji shi, "niyyata ƙaramin aiki ce, amma sai na ga abin da ke cikin waɗannan kafin in san iyakar abin da zan cire."

Na dage kan wannan ne domin an yi ta yaɗawa a dangi cewa an yaudare mu. Ba a yaudare mu ba. Hoton PET, wanda ake yi don gano inda ciwon ya bazu, bai nuna komai a kaluluwar ba, amma likitan ya gaya mana tun a ranar cewa bazuwa 'yar ƙarama tana iya ɓoye wa hoto, don haka ana cikin aiki za a ciro su, a daskarar, a yanka siriri, a duba a madubin likita kafin a rufe ƙirjin. Yaya ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ka ji da kunnenka," sannan ya sa hannu a takardar da ta ba da izinin aiki ƙarami ko babba.

Da aka duba, na tsakiyar ƙirji lafiya suke, amma an sami ƙwayoyin ciwon a guda ɗaya ta gindin huhu. Nan take aka bar shirin farko, aka cire kashin sama na huhun dama gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kewaye. Da tun farko an gano su a na tsakiyar ƙirji, da wataƙila da magani za a fara.

Kafin mu dawo labari ya riga mu isa Katsina, wai an yi alkawarin ɗan yanki an kwashe rabin huhu, Kawu kuwa ya ce ai ya faɗa, daji ba ya son ƙarfe. Ina so jikokinsa da ke karanta wannan su lura da jerin abin da ya faru: kaluluwar da aka ciro a farkon aikin an same ta da ciwon a cikinta, wato ya isa can tun Yaya yana zaune a Rafindadi yana shan jiƙon da Kawu ya aiko. Ƙarfe bai kai shi ba, ƙarfe ne ya tarar da shi.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Cikakken sakamakon da ya fito bayan aikin ya nuna ƙwayoyin ciwon sun ɓalle daga jikin ƙarin suna zaune a cikin ƙananan kogunan iska na huhu da ke kusa da shi, irin bazuwar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a rabe-raben sankarar huhu a 2015. Likitan ya ce masu irin wannan sun fi fuskantar dawowar ciwon idan ƙaramin yanki kawai aka cire. Ashe kashin nan da dangi suke ta jimamin cirewa, barinsa ne hatsarin.

Saboda kaluluwar nan guda, ciwon ya tashi daga mataki na 1 zuwa na 2, aka yi masa ƙarin ruwan maganin daji zagaye huɗu. Ya rame, ya wahala, Inna ta yi kuka, amma yanzu da ƙafarsa yake zuwa Juma'a, sai dai yakan tsaya ya huta idan tafiya ta yi nisa. Kawu bai zo duba shi ba har aka gama maganin, kuma ranar ɗaurin auren 'yar Goggo a Ƙofar Sauri na ji shi yana gaya wa wani maganar ƙarfen nan, Yaya yana zaune a tabarma ɗaya da shi.

Kuɗin tafiyar daga gonar Batagarawa suka fito, kuma yadda aka sayar da ita, da wanda ya hana a saya da daraja, shi ne abin da zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.