Jemagu sun cinye mini mangwaro

Da safe na tarar da mangwaron tsakar gidanmu a nan Yamai a zube, kowanne da tabon haƙori. Haushi ya kama ni, har na aiki yaro ya nemo mini danƙo. Sai ƙanwata ta ce, "Haba Yaya, baƙi ne fa." Manyan jemagun nan masu wuya rawaya, sunansu Eidolon a kimiyya, iri biyu ne kacal. Namu ya bazu daga Sahel har Afirka ta Kudu da kudancin ƙasar Larabawa, ɗan'uwansa kuwa sai Madagaska. A gandun dajin Kasanka na Zambiya miliyoyinsu ke haɗuwa daga Oktoba zuwa Disamba. Da magariba dai na zauna ina kallonsu suna tasowa kamar hayaƙi, danƙon na aljihu.