Abin da ban faɗa ba ranar walimar sallama

Ranar da abokan aiki suka yi mini walimar sallama, an miƙo mini makirfo, na yi godiya, na nemi gafara kamar yadda kowa ke yi, aka ba ni turmin shadda da agogon bango. Abin da ke cina ban faɗa ba. Yanzu wata biyu ke nan da dawowata gida Maradi, ba aikin fari sai zaman fada da shayi, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko yaran da aka tura ɗakunan magani na gidajen kaso bana za su tsinci wani abu. Ba zan faɗi gidan ba, ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wanda nake nufi.

An kawo mana shi cikin waɗanda aka yanke wa hukunci bayan shari'o'in Boko Haram da aka fara a 2017. Ɗan wani ƙauye ne a kudancin Maradi, irin samarin nan da ke tafiya Tafkin Cadi neman kuɗi wajen kamun kifi da banda. Can ya faɗa hannun mutanen, yana kai musu fetur da abinci. Bai taɓa ce mini sharri aka yi masa ba, ni ma ban zo in wanke shi ba. Da bakinsa ya gaya mini ya san abin da ake yi da fetur ɗin.

Idanunsa ne suka fara yin ɗorawa. Sai ciki ya tashi, ƙafafu suka kumbura, sauran jiki kuwa ƙashi da fata. Likitan da ke leƙo mu sau ɗaya a wata ya laluba gefensa na dama, ya ji hanta ta yi tauri kamar dutse, ya dube ni, na dube shi. Duk wanda ya yi jinya a ƙasar nan ya san inda ciwon hanta irin na B ke kai mutum in an bar shi shekara da shekaru. Likita ya ce in haɗa rahoto, in ya dawo ya sa hannu, a nemi fitar da shi asibiti, in da hali kuma a aika takardar neman afuwa sama, ya je ya cika a gaban uwarsa.

Kafin in gama rubutun shef, wato shugaban gidan kason, ya aiko kirana, ni majo mai kula da ɗakin magani.

"Majo, zauna. Wata nawa ya rage wa mutuminka?"

Na ce, "Shef, sanin gaibu sai Allah, amma a ganina ba zai ga damina ba."

Ya yi murmushi. "Ka tuna na Lokabi?"

Yaya zan manta? A watan Agusta na 2009, ana gab da azumi, ina hutu nan Maradi, muna fada a unguwar Zariya muka ji a rediyo cewa Sikotlan ta saki Abdulbasit al-Megrahi, ɗan Libiyan da aka samu da laifin tarwatsa jirgin Pan Am a sararin garin Lokabi a 1988, inda mutum 270 suka mutu. Dajin mafitsara na maza ya ci ƙarfinsa, likitoci suka ce da wuya ya wuce wata uku, ministan shari'a Kenny MacAskill ya sa hannu ya koma gida. A Tarabulus aka tarbe shi da tutoci da sowa kamar wanda ya ciyo kofi. Daren nan fadarmu ta rabu biyu, kuma ni ne mai ɗaga murya a ɓangaren masu cewa an yi daidai, wanda mutuwa ta riga ta kama me kaso zai ƙara masa. Tausayi daga bakin butar shayi ba shi da tsada.

Shef ya ce, "Wata uku aka ce. Sai Mayun 2012 ya mutu. Turawa da na'urorinsu sun yi kuskure, balle kai da abin awon zafin jiki." Ya yi aiki a arewa yana saurayi, sai ya kawo zancen jirgin UTA da bom ya tarwatsa a saman hamadar Tenere a 1989, mutum 170, ba wanda ya tsira, aka yi ta tsintar gawa cikin rairayi. Kotun Faris ta ɗaure ƴan Libiya shida a 1999, a bayan idonsu. Ya ce irin waɗannan mutane kullum sai sun sami mai jin tausayinsu, matattu ne ba su da kowa. Har ga Allah maganarsa ta shige ni. Da nan ya tsaya, da yau ina ganin girmansa. Amma da na tashi fita sai ya ƙara, yana duba wata takarda, bai ko ɗago ba: "Na ji ɗan wajenku ne. Ana cewa kuna doguwar hira."

Wanda ya yi aiki a shekarun nan ya san nauyin wannan magana. Bai yi tsawa ba, bai ba ni umarni ba, ba abin da za a ce ya ce. Na koma ɗaki na yaga rahoton farko, na rubuta sabo, na sa kalma biyu na Faransanci: état stationnaire, wato ciwo na nan yadda yake, bai ci gaba ba. Ranar da likita ya zo, a tsaye ya sa hannu a takardu kusan ashirin, mota na jiransa. Ya yarda da ni, bai karanta ba.

Sati bakwai ya ƙara. Abin da ke kabad ɗina farasitamol ne, wanda hantarsa ba za ta iya ɗauka ba. Tiramol kuwa yana kulle saboda yadda ake shansa a cikin gida, sai da sa hannun shef. Da dare ana jin nishinsa har bakin ƙofa. Wani gardi yaro, wanda wansa soja ya rasu a harin da Boko Haram ta kai Bosso a 2016, ya tare ni ya ce, "Majo, lokacin da yake kai musu mai, kukan wa ya ji? Ni a bar shi nan ya mutu. Amma don Allah a ba shi maganin, ya hana mu barci." Ban ga laifin yaron ba, har gobe.

Ba na ruɗin kaina cewa da na rubuta gaskiya da an sake shi. Mai laifin ta'addanci ba shi ake fara tunawa ba in ana rabon afuwa. Amma ko ba komai da ya sami gadon asibiti, an zuƙe ruwan cikin, an yi masa allurar da za ta bar shi ya yi salla. Saki ko ƙin saki kuwa na manya ne. MacAskill an kai masa rahoton likitoci, ya yanke, ya tsaya gaban duniya ya sha zagi, har Obama ya ce kuskure ne. Namu manyan ko damar su ce a'a ba su samu ba, don ni ɗan majo na riga na ce musu a'a daga ɗakin magani.

Da ya rasu aka aiko tambayar dalilin da ya sa ba a fitar da shi ba. Shef ya buɗe aljihun tebur ya zaro takardata. Ni aka rubuta wa wasiƙar neman bayani, tana cikin dosiyena har na bar aiki. Shi kuwa bayan shekara aka ƙara masa girma. Allah ya sa alheri, in ji masu iya magana.

Sauran abin da zan gaya wa yara gajere ne. Kada ka rubuta adadin watanni, rubuta abin da hannunka ya taɓa da abin da idonka ya gani. Umarnin baki ka ce a rubuto maka, da ladabi. Kowace takarda ka aje kwafi a gida. Kada ka ranta wa gardi kuɗi ƙarshen wata.

Uwarsa ta iso kwana biyu bayan an binne shi, tafiyar yini guda a mota, da kwalbar man gyaɗa da ƙullin ƙuliƙuli da ta kawo masa. Aka nuna mata ni. Ta durƙusa ta ce, "Ɗana, an ce kai ka yi ta fama da shi. Allah ya saka maka, Allah ya ba ka masu yi maka." Na ce, "Amin, Inna, ki tashi." Ta tura mini kwalbar da ƙullin, na karɓa.

Ƙauyensu bai kai tafiyar awa ɗaya daga tashar Maradi ba. Sau biyu ina sa hula in fita da niyyar zuwa gaishe ta, sau biyu ina ɓigewa a fada.